Da hannuna na goge kaset-kaset ɗin da mutane ke kewa

Assalamu alaikum. Har yau idan na je ɗaurin aure ko zaman makoki, da wuya a rasa wanda zai ƙura mini ido ya ce, "Malam, ba kai ne na shirin nan na daren Lahadi ba? Kai, na da ya fi! Me ya same ku daga baya?" Na yi shekaru tambayar nan tana sukata kamar ƙaya, ina murmushi ina cewa zamani ne. Amsar ta fi haka tsawo, kuma ina da hannu a cikinta, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta ta tun ina da sauran ƙarfi. Ba zan ambaci sunan tashar talabijin ɗin ba, ko shirin barkwancin, ko wani da muka yi aiki tare. Da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, iyalansu kuma suna nan.

Na taso a unguwar da akwatin talabijin ɗaya ne, baƙi da fari, a gidan wani ɗan kasuwa. Bayan sallar isha'i ake fito da shi tsakar gida a ɗora a kan tebur, mu yara mu baje a tabarma, manya a kan benci, mata daga bakin ƙofar ɗaki. A nan na fara ganin Samanja, marigayi Usman Baba Pategi, tsohon soja da ke zuba Hausar bariki gauraye da Turancin buroka. A nan na san marigayi Karkuzu na Jos da marigayi Kasimu Yero na Kaduna. Sauran yara 'yan wasan suke kwaikwayo washegari a makaranta. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Na lura duk lokacin da aka faɗi maganar dariya, sai hoto ya bar mai maganar ya koma kan fuskar wanda aka faɗa wa, kuma daidai nan tsakar gidan ke fashewa. Na riƙa tambayar kaina wane ne yake juya hoton, kuma yaya ya san lokacin.

Na kama aiki a wata tashar jiha a 1986, shekarar da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP. Jan waya na fara, wato bin bayan mai kyamara ina riƙe wayarta kada ta harɗe shi. Daga nan na koma riƙe sandar makirufo, sannan aka kai ni ɗakin tace hoto, inda na fi daɗewa. Shirin barkwancin da aka haɗa ni da shi ya riga ya yi suna kafin in zo. Minti 30 ne a jadawali, amma idan aka cire kiɗan buɗewa da sanarwa, abin da ya rage mana minti 25 ne. Gajerun wasanni huɗu muke sakawa, kowanne kimanin minti shida, ba wanda ya dogara da ɗan'uwansa. Zango ɗaya mako 13 ne.

Bari in faɗi yadda mako yake tafiya a lokacin, domin duk abin da ya lalace daga baya a cikin wannan jadawali ya lalace.

Litinin ranar kawo labari ce. Mutum bakwai ko takwas muke zama, kowa dole ya zo da abu biyu da ya gani da idonsa a makon: rigimar kwandasta da fasinja kan canji, mai gidan haya da ɗan haya, layin asibiti, dillalin da ya sayar da akuya ɗaya ga mutum biyu. Daga cikin goma sha huɗu ko sha shida sai a zaɓi shida. Ba ma rubuta maganganu baki da baki. Shafi ɗaya ake rubuta wa kowane wasa, a amsa tambaya huɗu: wane ne, me yake so, me ya tare masa hanya, a kan wace magana za a tsaya. Sauran 'yan wasa ne ke cikawa da bakinsu. Talata da Laraba bita ce tun safe har la'asar. A bitar ne magana ke nuna, a yar da wadda ba ta ci ba, a gano cewa dariyar tana cikin shirun da ya biyo baya, ko kuma a gane wasan ya ƙare tun minti na huɗu, sauran biyun jan rai ne kawai. Da yammacin Laraba sai a kira masinjoji da direbobi da masu shara da masu gadin tashar su zauna, a yi musu duka shidan. Su ne alƙalanmu, kuma ba sa jin kunyar kowa. Biyun da suka fi sanyi a wurinsu a nan ake binne su, ko da furodusa ne ya kawo labarin. Alhamis a ɗauki huɗu, Juma'a da Asabar a tace, Lahadi da dare a nuna.

Wannan zubar da biyu cikin shida shi ne ƙashin bayan shirin, amma ban gane haka ba sai da muka daina. Daga baya na karanta yadda ake yin shirin Saturday Night Live na Amurka, wanda ya fara a tashar NBC a watan Oktoba na 1975 kuma ya haura shekara 50 yana tafiya. Su ma ranar Laraba suke karanta wasanni kusan arba'in a kan tebur, su zaɓi kaɗan, sannan daren Asabar su yi cikakken gwaji a gaban 'yan kallo kafin su shiga kai tsaye da ƙarfe 11:30, kuma a tsakanin nan suna cire waɗanda ba su ci ba. Kuɗinsu da namu ko kusa ba a haɗawa, amma dabarar guda ce: ka dafa fiye da abin da za ka zuba a kwano. Kuma su ma, duk da haka, kowane rukuni na masu kallonsu na cewa na zamanin ƙuruciyarsa ya fi.

Ranar ɗauka kyamara uku muke sawa. Ɗaya tana kama ɗakin gaba ɗaya, biyu suna kan fuskoki. Darakta yana ɗakin sarrafawa yana kiran lamba, na kusa da shi yana danna maɓalli. Kafin a fara sai a ɗaga farar takarda a gaban kyamarorin uku a daidaita launinsu, in ba haka ba rigar mutum ɗaya za ta fito fara a wannan, ruwan ɗorawa a waccan. Fitilun masu wat 800 ne da masu wat 2,000, zafinsu kamar gidan burodi, ga shi dole a kashe fanka saboda makirufo na kama ƙararta. A kowane wasa akwai wanda mu a tsakaninmu muke kira mai riƙe igiya. Shi ba ya ba da dariya. Aikinsa ya tsaya a matsayin mutum mai hankali, ya yi tambayar da mai kallo zai yi, ya ji haushi da gaske. In babu shi, mai barkwancin ya zama mahaukaci yana surutu shi kaɗai. Amsar tambayar da na yi ina yaro a nan na same ta: bayan an faɗi maganar, a koma kan fuskar mai riƙe igiya a tsaya daƙiƙa biyu. Hotuna 25 ke wucewa a daƙiƙa ɗaya a tsarin talabijin ɗinmu, wato hoto 50 ke nan. Ka rage zuwa 30, mai kallo bai gama haɗiye maganar ba ka wuce. Ka kai 80, dariyar ta huce.

Tacewa kuwa da kaset ɗin U-matic muke yi, mai faɗin kashi uku cikin huɗu na inci, babbansa awa ɗaya, ƙaraminsa na fita waje minti 20. Na'ura biyu ce, ɗaya tana kunnawa ɗaya tana naɗa. Sai ka fara shimfiɗa baƙin hoto a kan sabon kaset daga farko har ƙarshe, sannan ka riƙa jera fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowane yanka na'urorin su ja baya daƙiƙa biyar su taho tare. Idan ka kai minti na 20 ka ga minti na uku ya yi tsawo, ba yadda za ka gutsure shi sai ka sake duk abin da ya biyo baya, ko ka kwafe zuwa wani kaset hoton ya rage kyau. Wannan wahala ta koya mana yin tunani kafin taɓa maɓalli.

Lalacewar ba rana ɗaya ta zo ba. Da kaset ta fara. Daga waje ake sayo shi, darajar naira kuma ta faɗi, sai aka daina ba mu sabo yadda aka saba. Umarni ya zo cewa duk shirin da aka riga aka nuna, a goge a sake amfani da kaset ɗin. A ƙarƙashin kowane U-matic akwai wani ɗan jan maɓalli. Idan aka cire shi ba a iya naɗar komai a kai, haka muke kare shirin da aka gama. Ni ne nake ɗauko kaset daga kanta, in mayar da jan maɓallin, in ɗora shi a kan na'urar maganaɗisu, cikin ƙasa da minti ɗaya aikin mako guda ya tafi. Wallahi a lokacin ban ji komai ba. Gani nake mako mai zuwa za mu yi wani. Kaset kuma idan ya sha naɗi sau da yawa sai fararen layuka su fara gilmawa a hoto, don haka aka taƙaita mana maimaita ɗauka. Abin da ya fito a karo na farko ko na biyu, shi ke nan.

Sai kuɗin 'yan wasa ya fara makara, wata biyu, wata uku. Mafi yawansu ba ma'aikatan tasha ba ne. Akwai tela, akwai malamin firamare, akwai mai sayar da kayan gyaran keke. Ba za ka ce wa mutum ya rufe shago kwana biyu don bita ba alhali kana riƙe da haƙƙinsa. Bita ta koma kwana ɗaya. Da sana'ar fim ɗin bidiyo ta kankama a Kano daga 1990, aka fara biyan mutum a hannu ranar da ya yi aiki, sai namu suka fara zamewa, ban kuma ga laifinsu ba. Wanda ya fara tafiya mai riƙe igiyarmu ne. Ba wanda ya damu, har da ni, tunda ba sunansa yara ke kira a titi ba. Muka sa wani yaro mai son shi ma a yi masa dariya, wasa ya koma mutum biyu suna gasar ihu.

Bayan an ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi a 1992, kuma gwamnatoci suka fara cewa kowace tasha ta nemo abin da za ta riƙe kanta, shirin ya koma neman mai ɗaukar nauyi. Wanda ya biya yana so a ambaci hajarsa a cikin wasan, ba a tsakiyar hutu kawai ba. Kuma akwai waɗanda ba a taɓawa: mai gidan haya ya fita daga jerinmu, ɗan kasuwa mai ɓoye kaya ya fita, ma'aikacin ofis mai ɓatar da fayil ya fita. Me ya rage? Kishiya da uwar miji, baƙauye a birni, kurma, mai in'ina. Waɗanda ba su da bakin kai ƙara.

A wannan hali aka ba ni riƙon shirin, kuma daga nan laifin nawa ne, ba na wani ba. Ni na soke zaman masinjoji na ranar Laraba, don ba mu da wasa shida da za mu zaɓa, huɗu muke kawowa da ƙyar mu ɗauki huɗun. Ni na ce babban ɗan wasanmu ya riƙa faɗin kalmar nan da aka san shi da ita a kowane wasa. Asalinta sau ɗaya ta fito daga bakinsa a wurin bita, ta dace da wurin, gari ya ɗauka. Da na mayar da ita wajibi, sai ya zama ana gina labari don a kai ga kalmar, mutumin da ke cikin rigar ya ɓace. Da kyamara biyu suka lalace aka bar mu da ɗaya, sai muka koma ɗaukar mai magana daban, mu juya mu ce wa ɗayan, "To, yi mamaki." Fuskar da aka umarta ta yi mamaki ba ta kama da wadda magana ta faɗo wa ba zato, kuma mai kallo yana ganewa ko bai san dalili ba. Da na ga wuraren dariya sun yi shiru, sai na samo sautin dariyar gwangwani, wato dariyar da aka naɗa a wani wuri, na riƙa cusawa. Ita ce ƙaryar da na fi jin kunyarta.

Wata Alhamis dattijon nan, babban ɗan wasanmu, ya same ni ina jera fitilu. Ya ce, "Ɗana, yau ma ba bita?" Na ce, "Baba, lokaci ne babu, sai dai mu gwada sau ɗaya a gaban kyamara." Ya gyara hularsa ya ce, "To, Allah ya kyauta. Amma ba a fafe gora ranar tafiya." Bai ƙara ba, ya shiga ya yi abin da na ce. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ranar da aka dakatar da shirin, takarda ce mai layi uku. Aka mayar da ni kula da ɗakin ajiye kaset, ɗakin da ni na kwashe rabin abin da ke cikinsa. Ba wanda ya rubuto wa tashar yana tambaya, wannan ya fi takardar ciwo. Na shiga wani hali da ban san sunansa ba a lokacin. Barci ya ƙaurace mini, sai in kwana ina lissafin wasannin da ya kamata in hana. Na daina zama majalisa saboda tambayar "me ya same ku". Na daina kallon talabijin gaba ɗaya, in yara suka kunna sai in fita. Ciwon kai ya matsa, aka auna aka ce hawan jini ne, har yau ina kan magani. Maiɗakina ta yi haƙuri da ni ƙwarai. Wani dare ta ce, "Malam, aikin ne ya mutu, ba kai ba. Yaran nan tsoronka suke ji yanzu." Na ji maganar, amma ban iya komai a kai ba. Da damar ajiye aiki ta zo na karɓa, na buɗe ɗan shagon ɗaukar bidiyon biki.

Abin da ya kai ni ƙasa shi ne rasuwar dattijon. Ya yi doguwar jinya cikin rashi. Bayan addu'ar bakwai babban ɗansa ya ja ni gefe ya ce, "Kawu, jikokinsa ba su taɓa ganin wasansa ba. Ko kaset ɗaya a taimaka mana da shi." Na tsaya ina kallonsa. Mutumin ya yi kusan shekara ashirin yana sa jiha guda dariya, ni kuma na san babu ko minti ɗaya nasa na zamanin ƙarfinsa a kantar tashar, don na san hannun da ya goge. Na ce masa zan duba. Na koma gida na rufe ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izar.

Alkawarin nan na "zan duba" shi ya tashe ni. Na tuna cewa a shekarun 1980 da 1990 masu hali suna naɗar shirye-shirye a gida da bidiyon VHS. Na fara bi gida-gida, ina tambayar tsofaffin ma'aikata da matan da mazajensu suka rasu suka bar kwalaye. Cikin shekara uku na tara kaset 46 na VHS, wasu shirin namu yana maƙale a ƙarshen bikin suna ko wasan ƙwallo. Wani tsohon mai kyamara kuma ya fito mini da U-matic tara da ya ɓoye a gidansa tun lokacin gogewa. Da na gan su ba jan maɓalli a ƙasansu, sai da na zauna.

Ga abin da na koya, don mai irin wannan kaya a gida. Kada ka saka tsohon kaset a na'ura don ka ga ko yana yi, kunnawar farko tana iya zama ta ƙarshe. Fara leƙa tagarsa. Idan ka ga fari-fari kamar gari a gefen naɗin, fumfuna ce da danshin damina ya haifar. A ware shi daga sauran, a bar shi ya bushe a inuwa, a buɗe kwanson a goge a hankali da ƙyalle marar gashi, da takunkumi a hanci. Matsala ta biyu ta fi yawa a U-matic: danƙon da ke riƙe garin maganaɗisu a jikin zaren yana shan danshi ya yi kauri, sai ka ji kaset yana ƙara kamar ƙyauren da ba mai, hoto ya dushe cikin minti ɗaya saboda ya toshe kan na'ura. Maganinsa gashi ne a zafi kaɗan, digiri 50 zuwa 54 a ma'aunin Celsius, tsawon yini ko kwana, a na'urar busar da 'ya'yan itace mai ma'aunin zafi, sannan a bar shi ya huce kwana guda. Ban da murhun girki, ban da shanyawa a rana, duka biyun narkar da shi za su yi. Gashin ba ya dawwama, don haka a kwafe cikin 'yan kwanaki. Kan na'ura kuma da sifirit mai tsabta ake goge shi, a kan farar takarda, a juya gangar da kan yake jikinta a hankali gefe zuwa gefe. Auduga tana kama shi, goga sama da ƙasa kuma karya shi take yi. Na karya ɗaya kafin in sani, na yi wata huɗu ina neman madadinsa. Tsakanin na'ura da kwamfuta a sa akwatin daidaita hoto, in ba haka ba hoton zai riƙa rawa sauti ya bar baki. Awa ɗaya tana cin kusan gigabayit 13 ko da an ɗan matse ta. 'Yata ce ta koya mini ɓangaren kwamfutar, ita ta dage mu ajiye kwafi biyu a gida biyu.

Da muka gama kashin farko na zauna da littafi na kalle su a jere, ina ba kowane wasa maki kamar yadda masinjojinmu za su yi. Abin da na gani ya girgiza ni ta fuska biyu. Na zamanin da ake yabo, a cikin huɗu galibi ɗaya ne ke kayar da mutum, biyu madaidaita, ɗaya kuwa shiru kake ji har ya ƙare. Akwai sandar makirufo da ke leƙowa, akwai wanda ya manta sunan matarsa a wasan. Akwai ma waɗanda ba zan nuna wa jikokina ba, saboda yadda muka yi wasa da naƙasar mutane da harshen wasu ƙabilu tun a wancan lokaci. Kuma duk wanda ya tare ni yana yabon na da, idan na ce ya ba ni misali, cikin wasanni goma ko sha biyu ɗin nan dai yake zagayawa, daga cikin ɗaruruwa. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mutum yana tuna wasan tare da tabarmar da ya zauna a kai, da mahaifiyarsa da ke dariya daga bakin ƙofa, da lokacin da gari duka abu ɗaya yake kallo a dare ɗaya.

Amma ba zan yarda a ce kewa ce kawai ba, domin littafin nawa ya nuna ɗaya fuskar. A kaset ɗin shekarun ƙarshe sai in wuce shiri uku ban sa wa ko ɗaya babban maki ba. Masu cewa ya lalace gaskiya suka faɗa. Abin da ya ƙara tabbatar mini shi ne wasu wasanni biyar na ƙarshen zamanin da suka yi kyau kamar na farko. Da na bi diddigi sai na tuna an yi su ne a wani zango da aka ɗauke mana wuta kusan kullum, janareta kuma ba mai, muka riƙa zama a ƙarƙashin bishiya muna maimaita wasa don rage lokaci. Bita ce ta dawo ba da niyyarmu ba. 'Yan wasan nan dai su ne, kyamarar nan ɗaya ce.

Yanzu yara masu barkwancin TikTok da YouTube suna zuwa shagona. Suna da kaifin basira, wayar hannunsu ta fi kyamarorinmu uku kyan hoto, kuma ba na ce musu namu ya fi. Abu uku nake roƙonsu: su shirya uku su saki biyu, su gwada a gaban wanda ba abokinsu ba kafin su ɗauka, kuma su riƙe mai riƙe igiyarsu da kyau, su biya shi daidai da tauraron. Na kan ƙara da cewa su sauke aikinsu su ajiye a wuri biyu, kada su dogara da cewa yana intanet.

Na kai wa iyalan dattijon wasanni 31 a ɗan filashi. Aka kunna a falo, jikoki suna ta dariya. Matarsa ba ta yi dariya ba. Da aka zo wani wuri da ya tsaya ya gyara hularsa kafin ya yi magana, sai ta ce, "Ɗan nan, mayar mini da wurin nan." Sau huɗu na mayar. Daren nan na yi barci har aka kira assalatu ban farka ba, rabona da haka na manta.

Saura kaset 11 ban taɓa ba, huɗu daga ciki fumfuna ta ci su sosai, ina jiran hunturu iska ta bushe kafin in buɗe su. Wanda duk yake da irinsu a gida, na kowane shiri ne, ya fitar da su daga ƙarƙashin gado da jikin bango, ya jera su a tsaye kamar littattafai a wuri mai sanyi marar danshi, nesa da lasifika, ya ɓalle ɗan harshen da ke bayan na VHS don kada wani ya naɗi abu a kai, ya kuma rubuta a takarda abin da yake tunawa yana ciki da shekarar da aka naɗa.